Sirri a jikin bango

A watan Nuwamba 2022 hukumar INEC ta baje rajistar masu zaɓe, a mazaɓu da kuma intanet, wai kowa ya duba ko da gyara. Mutanen Roni kuwa sun duba, tsakani da Allah. Sai dai ba mai daɗewa kan sunansa. Na maƙwabci ya fi daɗin karatu.

Ga hoto, ga shekarar haihuwa, ga sana'a. Dattijon da ya rantse wa iyayen budurwa bai wuce 40 ba, bango ya ƙara masa 15. Wanda ke kwana a majalisar mai shayi, ashe ɗan kasuwa ne.

Dokar kare bayanan mutane ta iso a 2023, hankali kwance. Lokacin dillaliya ta riga ta haddace unguwa.