Saura Mako Uku Gudun Legas, Malam Zauna Ka Huta

Wannan jan kunne na mutumin da ya yi rajistar gudun yada-ƙanin-wani na Legas ne, ba don yana sa ran kuɗin gasa ba, sai don ya gani ko ƙafafunsa za su kai shi kilomita 42 da mita 195, kusan tafiyar Kano zuwa Wudil ke nan. Ko malamin makaranta ne kai, ko ɗan kasuwar Kwari, wata huɗu ke nan kana fita sassarfa daga idar da sallar asuba, cikin hazo da sanyin hunturu, har karnukan unguwa sun gaji da yi maka haushi sun koma raka ka. Ke ma 'yar'uwa da ke cikin wannan sahu, maganar ta shafe ki, amma a bar ni in fuskanci maza, don su ne ba sa jin bari. Aikin da ya rage yanzu ya fi duk na baya wuya: a rage gudu.

Ba a kan titi jiki ke yin ƙarfi ba. A kan titi wahala yake sha, tsoka na samun ƙananan yagewa, sukarin da ya ajiye a tsoka da hanta na ƙarewa. Sai ka kwanta gyara ke farawa, kuma amfanin gudu mai tsanani ba ya bayyana sai bayan kwana 10 zuwa mako 2. Duk azabar da ka ba kanka a makon ƙarshe, gajiyarta ce za ta bi ka Legas, amfaninta kuwa sai ka dawo gida zai iso.

Saboda haka dogon gudunka na ƙarshe, na kilomita 30 zuwa 32, ka yi shi saura mako 3, daga nan sai gangara. Mai yin kilomita 60 a mako ya sauko 45, mako na biye ya tsaya wajen 30 zuwa 35, makon tsere kuma 15 zuwa 20 sun ishe shi. Tsawo ake ragewa, ba sauri ba. Ka ci gaba da fita a ranakun da ka saba, kana cusa kilomita 3 ko 4 da irin saurin da kake niyyar yi ranar, don kada ƙafa ta manta. 'Yan majalisa za su ga ka dawo da wuri, rigarka ko jiƙewa ba ta yi ba, su ce ai ya karaya. Ka gaishe su da kyau, ka tuna musu cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Akwai wanda zazzaɓi ya kwantar mako biyu a Disamba, ko bikin ƙanwa ya cinye masa Asabar uku. Yanzu ya ɗauko biro da takarda ya buga lissafi, ya ga ana bin sa kilomita 70, ya rantse sai ya biya kafin ya tafi. Ɗan'uwa, atisaye ba azumi ba ne da za a ce sai an rama. Gudun kilomita 35 saura kwana 10 ba ya biyan tsohon bashi, sabo yake ciwowa, kuma gwiwa ce ke biya.

Kwana huɗu da fara hutu, ƙarfi zai rasa inda zai shiga. Barci ya ƙi zuwa, ka wanke motar da aka wanke jiya, ka leƙa tukunya, ka yi wa yara faɗan da ba su san dalilinsa ba. Uwargida ta dube ka ta ce, "Maigida, wai lafiya kake ta zagaye tsakar gida tun safe? In gudun ne ka je ka yi mana, mu ma mu huta." Da zuciya ɗaya ta faɗa, amma kada ka karɓi tayin. Kada kuma ka je neman inda za ka zubar da ƙarfin. Ban da ƙwallo da samarin layi, ban da hawa rufi gyaran eriya, ban da cicciɓar buhun masara don yaran shago su san da sauranka. Targaɗen minti ɗaya ya isa ya cinye aikin wata huɗu.

A daidai wannan lokaci ne ciwo ke fara kawo gaisuwa. Yau gwiwar hagu, gobe agarar dama, jibi wani wuri a ƙugu da ba ka taɓa sanin kana da shi ba. Jiki na gyara ne, hankalinka kuma ba shi da aiki sai sauraro. Ciwon da ke yawo, wanda in ka yi sassarfar minti 10 yake ɓacewa, ka amsa gaisuwarsa ka wuce.

Wanda ya tare wuri ɗaya shi ne abin tsoro. Zauna bakin gado ka miƙe ƙafa, ka bi ƙashin ƙwauri da babban yatsa daga ƙasan gwiwa zuwa idon sawu, kana dannawa a hankali, sannan ka bi ƙasusuwan saman ƙafa ɗaya bayan ɗaya. In ka sami wani ɗan wuri da kan yatsa zai rufe, wanda da ka danna sai ka ce wash, tashi ka yi tsalle da wannan ƙafar ita kaɗai. In ya soke ka, ko yana ƙaruwa da gudu maimakon ya lafa, ko yana sa ka ɗingishi, ko yana tashin ka da dare, to ana zargin tsagewar ƙashi irin ta yawan aiki, likitan ƙashi za ka nema. Hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsaga a makonni biyu ko ukun farko, don haka "hoto bai nuna komai ba" ba izinin tafiya ba ne. Warkewarta kan ci mako 6 zuwa 8, wani lokaci fiye. Mai ɗori na da tasa gwanintar, amma ƙashin da ya tsage ba murza yake so ba, so yake a sauke masa nauyi.

Wani zai kawo maka labarin Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci zinarensa na biyu a Tokiyo a 1964, makonni kaɗan bayan an yi masa tiyatar afendis. Gaskiya ne, amma ka ce wa mai labarin ya ƙarasa. A Meziko a 1968 Bikilan nan ya tsaya a layi da tsagaggen ƙashi a ƙafa, bai kai rabin hanya ba ya fita. Ƙashin da bai ji kunyar mai zinare biyu ba, kai ma ba zai ji taka ba.

Sai maganar kemis. Kada ka je ka ce, "Likita, haɗa mini wanda zai kashe ciwon na awa biyar." Ibuprofen da diclofenac, in suka haɗu da zafin rana da ƙarancin ruwa a jiki, ƙoda suke takura wa, su kuma ƙwaƙule ciki. Paula Radcliffe ta Ingila ta shiga gasar Olamfik ta Atina a 2004 da ciwo a ƙafa, tana shan irin waɗannan magunguna, cikinta ya ɓaci, wajen kilomita 36 ta zauna bakin titi tana kuka. Ta je ta huta, a Nuwamban shekarar ta ci tseren Niyu Yok. Tramadol kuwa ko kusa. Tun 1 ga Janairu 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa, kuma ko ba haramci, wanda ya kashe ciwo ya kashe mai yi masa gargaɗi. Zazzaɓi a makon tsere, na cizon sauro ne ko na mura, ya soke tafiya, don gudu da zazzaɓi na iya taɓa tsokar zuciya. Wanda ya san jininsa AS ne, kuma wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya haka yake, yana iya gudu, sai dai zafi da ƙishirwa da matsa wa kai na iya kayar da shi mummunar faɗuwa. Ya ga likita kafin ya tafi, ya rubuta hakan a bayan lambar tserensa tare da lambar wayar wani nasa.

Yanzu buri. Kowa na da lambar da ya ɓoye a zuci, galibi awa 4, don tana da daɗin faɗa. Awa 4 na nufin kowane kilomita a minti 5 da daƙiƙa 41, sau 42, ba tsayawa. Awa 5 kuwa minti 7 da daƙiƙa 6. A nan agogo ake tambaya. In ka taɓa yin tseren kilomita 21, ninka lokacinka biyu ka ƙara minti 15 zuwa 20. Mai awa 2 ya sa ran awa 4 da minti 15 ko 20, shi ma in garin da sanyi.

Legas kuwa ba ta san sanyi ba, kuma nan ne ɗan Arewa ke shan mamaki. Ka yi atisayenka cikin hunturu, inda zufa ke bushewa kafin ta kai haɓa, bushewar nan kuma ita ke sanyaya jiki. A Legas iska a jiƙe take, zufa sai dai ta kwarara cikin takalmi. Tun 2016 ake wannan tsere, galibi a Fabrairu, kuma shekara da shekaru daga babban filin wasa na Surulere aka riƙa tashi da sassafe, a haye gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 ba ko bishiya ɗaya, a ƙare a Eko Atlantic. Ka duba taswirar bana, don hanya na iya sauyawa. 'Yan Kenya da Habasha za su gama rana ba ta yi zafi ba, kai kuwa kana kan kwalta har hantsi ya dubi ludayi. Ka ƙara wa lissafinka minti 15 zuwa 30 ba tare da jin kunya ba. Jiki kan saba da zafi cikin kwana 10 zuwa 14, don haka tun yanzu ka mayar da wasu gajerun fitarka zuwa hantsi, a hankali, da gorar ruwa a hannu.

Buri uku za ka riƙe. Ka gama a kan ƙafafunka, shi ne na faɗa wa majalisa. Lokacin da agogo ya ba ka, shi ne na rubutawa a bayan hannu. Na ukun, wanda sai komai ya daidaita, daga kai sai matashin kai. Duk cikinsu kuma ba wanda ake samu da fisga tun farko. Ana busa usur samari da silifas za su wuce ka suna ihu. Ƙyale su, za ku gaisa a kan gada, suna zaune. Marigayi Kelvin Kiptum da ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a Shikago a 2023, rabinsa na biyu ya fi na farko sauri. Sukarin da jiki ya ajiye kan ƙare tsakanin kilomita 30 da 35, kuma wanda ya barbaɗar da nasa a goman farko tun kafin nan zai ji ƙafa ta ƙi ɗaguwa.

Saura kwana 2 ko 3 ka ƙara shinkafa, tuwo, taliya, doya da burodi, ka ja baya da wake, zogale, yaji da maiƙo. Tsire ya jira ka a bayan layi. In sikeli ya nuna ƙarin kilo 1 ko 2 kada ka firgita, kowane giram na sukarin da aka ajiye yana riƙe da wajen giram 3 na ruwa, kuma za ka neme su. Ranar tsere ka sha gwargwadon ƙishirwa, kada ka ɗirka a kowane tebur don kyauta ne. Binciken da aka yi kan masu tseren Boston na 2002 ya sami kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada da ƙarancin gishiri a jini, kuma yawan shan ruwa ne babban dalili. Dabino a aljihu da ruwan gishiri da sukari na taimako, in dai cikinka ya san su tun a atisaye.

Takalmi ma haka. Sabon kambas ɗin da ka ajiye a kwali don ranar, bar shi a kwali. Bikila ya yi tseren Rum na 1960 ba takalmi ne saboda sabon da ya samu ya fitar masa da bororo. Ka sa wanda ya riga ya san ƙafarka, da safar da ta san takalmin. Ka yanke farce saura kwana huɗu ko biyar, ka shafa basilin a matsematsi da hammata, ka manna filasta a kan nono, don rigar da ta jiƙe in ta goge shi sau dubbai, jini yake fitarwa.

Kada ka hau motar dare ranar jajibiri. Wajen kilomita 1,000 ne daga Kano, za ka sauka da ƙafa a kumbure da wuya a sanƙare. Ka isa saura kwana biyu. 'Yan'uwa na Agege ko Idi-Araba za su karɓe ka hannu bibbiyu, su ce sai sun kai ka Idumota ka ga gari, sai ka gaida kawu a Mile 12, sai ka ɗanɗana miyar da aka yi domin kai. Ka yi godiya, ka ce in Allah ya yarda bayan tsere, ka kwanta ka ɗora ƙafa kan matashi. Tun ranar da ka sauka kuma ka roƙi mai masaukinka alfarma biyu: ɗakin ƙasa, don kwana biyu bayan tsere ba ka sauko bene sai da baya-baya, da kujera kusa da darduma, don cinyoyin da suka kai ka sujada ba lallai su yarda su ɗago ka ba.