Bayan An Shafa Fatiha, Wa Ke Leƙa Su?

Mu dai a Kano, da an ce ɗan gidan wane zai auri Baturiya, ko 'yar gidan wance ta samu miji ɗan Caina, ba sai an raba kati ba. Ku tuna yadda Panshekara ta cika a Disambar 2020, ranar da wani saurayi ya auri Ba'amurkiya, kowa waya a sama. Da an watse kuwa, sai tsegumi a majalisa: ai biza yake nema, ai kuɗinsa ta gani.

Abin ba sabo ba ne a wurinmu. Tun zamanin Turawa 'yan Labanan ke garin nan, ga Titin Beirut shaida, kuma an haɗa jini da wasunsu. Amma har yau baƙuwar amarya za ta shekara goma a layi, ta yi goyo, ba mu san sunanta ba. A gidan suna a ba ta kujera can gefe, a yi ta hira a kanta tana ji. Wallahi, wannan kaɗaici ne, ga shi uwarta tana wata duniya, ranar haihuwa ba mai zuwa yi mata wankan jego.

Doka ma ba ta raba daidai ba. Sashe na 26 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba matar ɗan Najeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa. Mijin 'yarmu kuwa ba shi da wannan ƙofa, sai ya bi sashe na 27, ya cika shekara 15 a ƙasar. 'Ya'yan irin wannan aure su ne suka fi ba ni tausayi. Yaro an haife shi a nan, Hausa a bakinsa tar, ya je neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma a tsare shi da tambayar garin ubansa. A makaranta kuma yara su yi ta shafa masa gashi.

Matan layi, ku shiga ku gai da baƙuwar amaryar nan, ku sa ta a adashi, ku tafi da ita biki da ta'aziyya. Iyaye maza, ku ja surukinku sahun gaba a masallaci. Mai unguwa, in yaran nan sun zo neman sa hannu, a tsaya musu, jikokinmu ne.