Fitilar Mota Ba Haƙori Ba Ce

Ina da ƙorafi a kan magidancin da ke ɗauke makilin ɗin gida ranar Asabar, ya tsuguna gaban mota da tsohon burushi yana dirzar fitila, yara kuma su wayi gari suna cigiyar abin goge baki. Niyyarsa dai mai kyau ce, wahalar ce ta banza. Tun shekarun 1980 kamfanonin mota suka fara barin gilashi, suka koma wata roba mai tauri da ake kira polikabonet. Ba ta saurin fashewa, amma ba ta shiri da rana, shi ya sa ake shafa mata siririn rufin kariya tun daga masana'anta. Rana ke cinye rufin nan, ƙurar hunturu ta kankare saura, sai fitila ta koma ruwan ɗorawa, ta yi yana kamar idon tsoho. A 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan fitilu, ta samu kashi 22 cikin ɗari kacal na hasken sabuwa suke bayarwa. Wanda dare ya taɓa riska tsakanin Kano da Zariya ya san maganar ta wuce kwalliya.

Na san za a ce mini, "Haba Malam, ai da idonmu muka ga ta yi ƙal!" Ban musa ba. Makilin na da ɗan gari mai kaushi, shi ke kankare saman da ya mutu. Sai dai ya bar robar tsirara, rana kuwa ba ta je hutu ba. Kafin a jima hazon ya dawo, maigida ya sake lallaɓawa banɗaki, uwargida na binsa da harara. Masu zafin kai har man birki suke shafawa, wanda ke cin robar kanta, garin neman gira a rasa ido.

Gyaran gaskiya ba shi da daɗin kallo. A kewaye fentin mota da salatif, a jiƙa samfefa, a fara da lamba 800, a koma 1500, a ƙare da 3000. Bayan zagayen farko fitilar kan yi fari fat, kuma a nan ne maƙwabci zai leƙo ya ce, "Sannu, ka ƙarasa ta." A daure, a ci gaba, a goge ta yi sheƙi, sannan a fesa sabon rufi mai tare zafin rana. Wanda ya tsallake feshin nan, makilin ya yi, mai tsada kawai.

In kuwa hazon daga ciki yake, ruwa ne ya samu kafa. Sai a cire fitilar, a busar, a toshe inda yake shiga, domin ko kwali guda na makilin aka ƙarar a waje, ba zai kai can ba.