Takarda zuwa ga Sarkin Tashar da ke kan firji

Zuwa ga Mai girma Rauta, Sarkin Tashar intanet na gidana, mai fitilu huɗu da ƙaho biyu, mazaunin saman firji.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan an kawo maka wuta, ina mai sanar da kai cewa na sayar da ragon Yaya, kuma kai ka sa.

Jiya bayan isha'i wani mahauci ya zo ya taya ragon da Yaya ya bar mini kiwo tun bara, tayi mai tsoka. Yaya yana zangon Kumasi, kiran Gana da kati kuwa ka san yadda yake lashe kuɗi. Sai na kira shi ta WhatsApp, wato na bi ta fadarka. Na faɗa masa abin da aka taya. Aka yi shiru, can na ji muryarsa kamar daga cikin rijiya: "...ka sayar." Na ce, "Yaya, in sayar?" Ya ɗaga murya: "Na ce ...ka sayar!" To me ya rage wa ƙane? Da asuba mahauci ya ƙirga kuɗi, ya ja rago. Ƙarfe goma Yaya ya kira ni da katinsa, murya tangararau, yana tambaya ko ragon sunan jikansa yana cin dusa sosai, don 'yarsa da ke Fagge ta shiga watan haihuwa. Ashe abin da ya faɗa jiya, har sau biyu, shi ne "kar ka sayar."

Ina "kar" ɗina, ranka ya daɗe? Harafi uku kacal na ba ka amana.

Da azahar na kirawo yaron da ya kafa ka, wanda ke gyaran waya a Farm Centre. Ya zauna a kan tabarma da kwamfutarsa, ya buɗe cikinka, ya yi mini karatun da ya kamata a ce kai ka yi mini tun ranar da na saye ka. Ya ce duk abin da ke bin intanet, murya ko hoto ko fim, daddatsa shi ake yi ƙulli-ƙulli, ana ce wa kowane ƙulli fakiti, mafi girmansa bai wuce bait 1,500 ba. Muryar mutum kuwa ƙananan ƙulli ake yi mata, galibi ɗaya duk bayan milisakan 20, wato hamsin a daƙiƙa guda. Na lissafa da kaina: "kar" ɗin Yaya bai fi fakiti goma ba. Kiran gaba ɗaya ba ya cin kilobit 100 a daƙiƙa, alhali fim mai hoto garau yana neman wajen megabit 5, ninkin kirana hamsin.

Sai yaron ya nuna mini waɗanda ke kan hanya a daidai lokacin da na kira Yaya. Uwargida tana kallon fim mai dogon zango a YouTube. Babban ɗana yana sauke sabon ƙari na wasan ƙwallonsa, gigabait ban san iyaka ba. Ita ma kwamfutata, munafuka, tana can cikin jaka tana sabunta kanta ba da iznin kowa ba. Tirela uku ke nan da kayan siminti a kan hanya mai layi ɗaya, ga ɗan acaɓa a bayansu ɗauke da mai naƙuda, kai kuma kana tsaye da usur a baki kana cewa wanda ya riga zuwa shi zai wuce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda zai cutu a cikinsu da ka tsayar da shi. Fim yana da guzuri, wayar uwargida ta riga ta tara na daƙiƙoƙi da yawa a gaba, ko an jinkirta mata rabin daƙiƙa ba za ta sani ba. Wasan ƙwallo ko da asuba ya iso, ya iso. Murya ce kaɗai ba ta iya jira. Hukumar sadarwa ta duniya da ke Janiba ta daɗe da cewa in ana son hira ta tafi daidai, kada murya ta wuce milisakan 150 a hanya, in ta haura 400 kuwa an shiga "kana ji na? kana ji na?" Fakitin murya da ya makara zubar da shi ake yi, don mai ba da shaida ne da ya iso bayan alƙali ya tashi. Haka aka yi wa "kar" ɗina. Ya iso, an ce masa an gama.

Kuma kar ka ce mini ba ka da hanyar gane su! Tun 1981, da aka rubuta ƙa'idar da intanet ke tafiya a kanta, aka bar wa kowane fakiti wuri a goshi don a rubuta irin hidimar da yake buƙata. A 1998 aka sake tsara wurin ya zama muƙami 64: lamba 46 ta murya ce mai gaggawa, sifiri kuma na talaka, wanda za a kai in an samu hali. Shi kansa wayifai da kake taƙama da shi layi huɗu gare shi, na murya, na bidiyo, na gama-gari, da na 'yan baya-baya masu jiran sarari. Shekara arba'in da ɗoriya da sanin wannan, amma ni da furfurata ina tsaye a tsakar gida ina ihu "in sayar?" Yaron ya ce masu ƙera irinku, da suka ga ana cunkoso, sai suka ƙara wa tasha fili don motoci su sami wurin jira. Wace irin dabara ce wannan? An ce layin asibiti ya yi tsawo, sai aka ƙaro benci! Wani injiniya, Jim Gettys, ya bankaɗo wannan cuta a 2010 daga intanet ɗin gidansa, ya raɗa mata suna mai nufin kumburin rumbu. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da maganinta, kyauta, yana nan cikin Linux ga duk mai so. Shekara nawa ke nan? Kai kana kan firji kana ƙyafta mini koren ido.

Ba zan tsaya kan cewa sabis ɗinka ba ya kai zaure amma yana kai shagon mai shayi na tsallaken titi ba. Ba zan yi maganar zafin da kake ɗauka har a iya gasa gurasa a bayanka ba. Lambar sirrinka mai harafi goma sha shida ma na yafe.

Cikin fushi na sa yaron ya shiga shafinka ya ɗora wayata a saman kowa. Kafin la'asar gida ya yamutse. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, mai sayen atamfa tana son ganin zane ta bidiyo, ga ni ina ta daskarewa da turmi a hannu. Kuɗin cefanen ne fa." Auta ta fito da hawaye, malaminsu yana darasi ta Zoom, ya maƙale da baki buɗe. Na duba abin da wayata ke yi da duk wannan sarautar, sai na tarar tana sauke bidiyon wa'azi goma sha ɗaya da barkwanci bakwai da aka turo a zauren tsofaffin ɗalibai. Ni da nake tsaki in ayarin masu jiniya ya tsare mu a titin Zariya, ga shi na sayi jiniya na kafa a falona. Na ce ya mayar yadda yake.

Yana naɗe igiyoyinsa ya ƙara mini da abin da ya kashe mini jiki. Ya ce, "Baba, ikon wannan akwatin a ƙofar gidanka ya tsaya." Lambar da ke goshin fakiti, sau da yawa kamfani na gaba gogewa yake yi ya mayar da ita sifiri, don in an bar kowa ya rubuta wa kansa muƙami, kowa 46 zai rubuta. A turken 4G kuma kiran layin kamfani yana aji na 1, kiran WhatsApp yana cikin tarin gama-gari tare da fim da wasa. Shi ya sa muryar Yaya ta zo tangararau da safe, lokacin da ba ta da sauran amfani. Cunkoson abin da ke shigowa ma a can wajensu yake taruwa, abin da kai za ka iya shi ne ka rage wa gidan nan gudu kaɗan ƙasa da ƙarfin layin, don jerin ya dawo hannunka ka tsara shi. Ko wannan ba ka yi ba.

Na so in rubuta wa manyan naka su riƙa zaɓen wanda zai wuce, sai na tuna yadda suke yi in an ba su wuƙa da nama. A Amurka, a 2007, an kama kamfanin Comcast yana katse wa masu amfani da BitTorrent hanya a ɓoye. A 2018, ana tsakiyar yaƙi da gobarar daji a Kalifoniya, Verizon ya shaƙe intanet ɗin motar 'yan kwana-kwana na Santa Clara don sun wuce ma'aunin da aka yanka musu, da suka yi kuka aka nuna musu tsari mai tsada. Daga baya kamfanin ya ce kuskure ne. In mai kashe gobara ya sha haka, ina ga mai rago ɗaya?

Don haka buƙatata ba ta da yawa, ranka ya daɗe. Kar ka duba wayar wa ce, kar ka duba wa ya fi biya. Ka duba kayan kawai. In ƙarami ne kuma yana haki, ɗaga masa sanda ya wuce. In siminti ne, ya jira rabin daƙiƙa, ba zai narke ba.

Na koma wurin mahauci da yamma. Na sami fata a shanye, ya ba ni tsire tsinke biyu kyauta, ya ce naman ya yi mai.

Naka mai biyan kuɗin wata ba fashi,
Maigidan da ke ƙasan firji.

Ƙarin bayani: bayan isha'i zan sake kiran Kumasi, don har yanzu ban faɗa masa ba. Zan fara da cewa, "Yaya, kar ka damu." Ina haɗa ka da girman Allah ka kai ta cikakkiya.