Madalla da Masoyan Mai Ciwon Sukari

Wanda likita ya shaida wa yana da ciwon sukari a ƙasar Hausa ya yi dace da dangi. Kafin ya ninke takardar gwajin ya sa a aljihu, likitoci goma na jiransa a gida, ba ko sisinsa. Na asibitin sai da ya auna jininsa da safe kafin ya karya, ya ga sukarin ya kai 126, ya sake aunawa wata rana, sannan ya buɗe baki. Gwaggo kuwa, Allah ya ƙara basira, daga ganin ramarsa ta gano sammu ne.

A jinjina wa Kawu, sarkin magani. Shi ne zai zo da jarkar ruwan shuwaka da ganyen darbejiya, ya ce, "Ɗana, ajiye ƙwayoyin nan na Bature, ɗaci shi ke kashe zaƙi." Kai, wannan hikima! Likitoci sun ce jikin mai ciwon ne ya kasa samar da isasshen insulin, ko ya daina jin aikinsa, shi ya sa sukari ke taruwa a jini yana cin jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa a hankali. Kawu ya warware matsalar da ɗanɗanon harshe. Tun bayan da aka gano insulin a Toronto a 1921 ake ceton yaran da a da ciwon ke kashewa cikin watanni, amma wa ya kai Kawu sani? In an bar shan ƙwayar metformin wata uku, ido ya fara hazo, ai shekaru ne. Ga kuma Yaya da kwalbar zuma, tana rantsuwa cewa zuma ba sukari ba ce.

Abokai ma ba a bar su a baya ba wajen ƙauna. A gidan biki su ne ke tura masa alkaki da nakiya da lemon kwalba: "Haba Alhaji, ɗan wannan ne zai kashe ka? Kwana ne in ya ƙare." Tauhidi ke nan, irin wanda ake yi da lafiyar wani. In ya ƙi, ya cika tsoron mutuwa. In ya ci, su ne za su ba da labari gobe cewa ba ya kiyaye baki.

Sannunku da ƙoƙari, abokan aiki, masu ƙirga sau nawa ya je bayan gida. Ranar da sukarinsa ya faɗi ƙasa da 70, gumi ya karyo masa, hannu na rawa, magana na sarƙewa, abin da yake bukata shi ne ɗan abin zaƙi nan take. Kun tsaya kuna kallo cikin natsuwa, wani ma ya raɗa cewa ko ya fara shaye-shaye ne. Da azumi kuma kun tsare masa addininsa da harara, duk da Allah da kansa ya yi wa marar lafiya rangwame.

Babbar lambar yabo ta iyayen da suka iya rufin asiri ce. Yarinya na da nau'in ciwon da ba ta rayuwa sai da allurar insulin kullum, sai a hana ta yi a gaban mutane kada manema su gudu. A makaranta tana ɓuya ta tsira wa kanta allura, wata rana ta fasa don kunya. Sunan gida dai ya tsira.

Cikin duk masoyan nan, ba a ɗora wa kowa wahalar rage tulin tuwo a ƙara miyar ganye a tukunyar gida ba. Ba wanda ya wahalar da kansa tambayar nawa ake sayar da insulin, ko ina ake sanyaya shi in babu wuta, ko ya ce, "Taso mu ɗan taka da yamma," ko ya duba masa tafin ƙafar da ta daina jin ƙaya. Amma ranar da gyambon ya ƙi warkewa, likita ya sa ranar yanke ƙafar, za ka gan su sun cika ɗakin marasa lafiya, kowa da ledar lemo da madarar gwangwani, suna tambayar juna me ya sa bai je asibiti da wuri ba.