Lambar Sirri da Masu Riƙon Ta a Gabashin Sakkwato

Lambar sirri, wadda aka fi sani da fin, lambobi huɗu ne da mai asusun banki yake zaɓa domin kada kowa ya taɓa kuɗinsa sai shi. Yayarta ita ce kalmar sirri, wadda ake buɗe imel da Facebook da ita. A ƙa'ida mutum ɗaya ne ya kamata ya san kowace. A Wurno da Rabah da Goronyo, mutum ɗayan nan ya ƙunshi mai asusun, da babban ɗansa, da mai POS na bakin tasha, da duk wanda Allah ya sa yana tsaye kusa.

An kafa na'urar cirar kuɗi ta farko a bankin Barclays da ke Enfield, a Landan, a 1967. Ana ba da labari cewa John Shepherd-Barron, wanda ya ƙirƙiro ta, lambobi shida ya so a riƙa amfani da su, matarsa ta ce ita huɗu take iya riƙewa, aka tsaya a huɗu. Nijeriya ba ta nemi shawarar wannan baiwar Allah ba. Babban Bankin Nijeriya ya kawo BVN a 2014, lambobi 11. A ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, ita ma 11, ga lambar waya 11. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura sauran masu turjiya cikin harkar, har manoman albasa da tafarnuwa da shinkafa na fadamar Rima. Sai ga dattijon da ke iya jero kakanninsa har zuwa zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna Wurno, wanda kuma bai manta mai riƙe masa buhu biyu tun ambaliyar 2010 ba, lambobi huɗu sun gagare shi.

Lissafi ya nuna ana iya jera lambobi huɗu ta hanyoyi 10,000. Jama'a, saboda gudun almubazzaranci, kaɗan suke taɓawa. Kan gaba ita ce 1234, a nan da ko'ina a duniya. Sai 0000, sai wutsiyar lambar waya, sai lambar babur, wadda ke rubuce ɓaro-ɓaro a bayan babur ɗin. Masu dabara sukan ɗauki ranar haihuwa, ita kuwa a katin mutane da yawa 1 ga Janairu ce, don ita jami'in rajista ya ga dama ya rubuta.

Ma'ajiyar fin ta farko bayan katin bankin ne, da biro. Akwai 'yar takardar da ake naɗewa a cusa cikin hula, wadda kan halaka ranar wanki. Akwai bangon ɗaki, da gawayi, kusa da lissafin buhuna. 'Yan boko sukan ajiye ta a waya cikin jerin sunaye, su raɗa mata suna "Fin na banki" don ɓad da sawu.

Ma'ajiyar da ta fi kowace karɓuwa dai ɗan Adam ce. Ranar kasuwa, Alhaji yakan zaro katinsa daga aljihun 'yar ciki, a naɗe cikin leda biyu, don shi katin ana tsaron sa ƙwarai. Mai POS ya saka shi, ya miƙa na'urar. Alhaji ya mayar masa da ita, ya ce, "Danna mini, ɗana." Idan yaron ya manta, sai Alhaji ya waiga ga ɗan rakiyarsa: "Kai, mi al lambata?" In babu ɗan rakiya, ya faɗe ta da kansa, ya maimaita da ƙarfi saboda ƙarar injin markaɗe, mai rake da ke gefe ya gyara masa: "Alhaji, tara ce a ƙarshe, ba bakwai ba." Gyaran yana da amfani, domin kuskure uku ke rufe kati, buɗe shi kuma kan ci kuɗin mota zuwa Sakkwato da yini guda a layi. Bankuna suna ba da shawarar a kare madannin da tafin hannu. A nan wannan zagi ne. Wanda ya yi haka ya kira duk mutanen rumfar ɓarayi, kuma kafin la'asar labari ya kai gidan surukansa.

Kalmar sirri kuwa tana hannun mai cajin waya. Shi yake buɗe wa samari Facebook, ya buɗe wa masu neman JAMB imel, kuma don sauƙin aiki yakan sa wa kowa kalma ɗaya, galibi lambar wayarsa ko sunan budurwarsa. Ran da ya tafi ci-rani Legas, shafukan rabin unguwa sun bi shi. Wannan ne dalilin da ake ganin saurayi ɗaya da shafi huɗu, duk da hoto ɗaya, uku daga ciki marayu.

Maganin da masana kwamfuta suka fito da shi manhaja ce mai ajiyar kalmomin sirri, irin su Bitwarden da 1Password da KeePass, da wadda Google ya saka cikin wayoyin Android. Manhajar takan ƙirƙira wa kowane shafi doguwar kalma ta daban, ta adana ta, ta cike gurbin da kanta idan an zo shiga. Tana kama da akwatin ƙarfe da aka zuba makullan gida duka a ciki, ya rage makulli ɗaya a hannu, wato uwar kalma. Yawancin manhajojin suna rikita abin da ke ciki da tsarin AES-256 tun a kan wayar mutum, ta yadda kamfanin kansa ba ya iya karantawa. Ba ta kuma cike kalma a shafin bogi, ko da ya yi kama da na gaskiya.

Tambayar ita ce ko akwatin na fasuwa. A 2022 ɓarayin intanet sun kutsa kamfanin LastPass, mai irin wannan manhaja, suka kwashe kwafin ma'ajiyar masu hulɗa da shi. Kalmomin suna kulle, saboda haka waɗanda suka shiga haɗari sosai su ne masu gajeriyar uwar kalma mai sauƙin canka. Duk da wannan, masana tsaro na ganin manhajar ta fi amfani da kalma ɗaya a ko'ina aminci nesa ba kusa ba.

A gabashin Sakkwato cikas ɗin na daban ne. Manhajar ba ta shiga ƙaramar waya mai tocila, ba ta danna fin a na'urar POS. Babbar wayar gida kuwa ta kowa ce: uwargida na sauraron wa'azi, yara na wasa, ƙane na aron ta ya kira. Wanda ya manta uwar kalma, a yawancin manhajojin, ya yi sallama da akwatinsa, ko da an kai kuka fadar Sarkin Sudan na Wurno. Manhajar ba ta san alfarma ba, ba ta san "ɗan wane ne" ba. Don gudun haka sai a ba mai caji ajiyar uwar kalmar.

Ɗan damfara ma ba ya wahalar da kansa da AES-256. Yakan bugo waya, ya yi cikakkiyar sallama, ya tambayi iyali da gona, ya ce daga banki ne, za a rufe BVN yau in ba a karanto lambar da ta shigo yanzu ba. Mutumin da ya yi irin wannan gaisuwa ba a hana shi abu, sai a karanto masa a tsanake, har a tambaye shi ko ya ji da kyau. Manhajar ajiya tana da aminci gwargwadon tsawon uwar kalmarta da kamun bakin mai ita. Banki kuwa ba ya kiran kowa ya nemi fin ko lambar da ta shigo waya.