Mai saye ba ya kallon silin

Mutum zai sayar da gida, sai ya ce bari ya gyara shi tukuna don ya yi daraja. A kira mai tayil, a kira mai POP, a rataya fitila mai ƙyalƙyali a falo sai ka ce za a yi naɗin sarauta. Katangar waje kuma a shafa mata fenti ruwan hoda, don uwargida ta ce shi ake yayi.

Ranar da dillali ya kawo mai saye, bawan Allah ko ɗaga kai bai yi ba. Tambayarsa ta farko: "Akwai takarda?" Shaidar mallaka ta gwamnati yake nufi, ba 'yar rubutun da aka yi a zauren mai unguwa ba. Sai kuma: "Mota na shiga lungun nan da damina?" Ya zagaya baya, ya sa farce ya ɓanɓare sabon fentin a gindin katanga inda danshi ya kumbura shi. Ruwa fa? Babu burtsatse, sai 'yan garuwa.

Tayil ɗin da ya cinye kuɗin kuwa, launinsa bai yi wa Hajiyar mai sayen ba. Cirewa za a yi, kuma a rage masa kuɗin cirewar a ciniki.

Dillali, da la'adarsa ce kawai a gabansa, ya ja mai gida gefe. "Alhaji, da ka haƙa burtsatse da kuɗin nan, da tuni mun tashi. Yanzu dai ka sallama."

Mai gida ya ce albarka. Gidan na nan, ana ta kawo masu kallo.